Hannun Baba

Na dawo daga fadama da la'asar sakaliya,
laka ta bushe a ƙwaurina, ta tsattsage kamar gindin tsohuwar tukunya.
Na miƙa hannu in shafa kumatun Hakama,
ta zille, ta ɓuya bayan turmi:
"Baba, hannunka ƙaya ne."
Shekararta huɗu. Ba ta iya ƙarya ba tukuna.

Na tsaya ina kallon tafin nan.
Shekara ashirin yana dashen albasa a bakin Kwara,
ruwa ya ci, rana ta ci, taki ya ci.
Faso a dunduniya, har tsakuwa na samun masauki,
kaushi kuwa, in na taɓa zanen Tabawa sai zare ya biyo ni.
Ban taɓa jin kunyarsa ba sai ranar.

Ran kasuwar Yelwa na nufi rumfar Gwaggo Ige,
ga man kaɗe a ƙwarya, an rufe da faifai.
Ta ce daga wajen Zuru take saro shi,
wurin matan da ke sammako gindin kaɗanya tun ba a kaɗe raɓa ba,
su tsinta, su dafa, su shanya, su soya, su niƙa,
su yi ta bugu har mai ya taso ya bar ruwa.
"Ɗan curin nan da kake yi wa tayin wulaƙanci,
ka san bayan mace nawa ya sage a kansa?"

Na biya ban ƙara tayi ba.

Jikarta na gefe tana bitar littafi,
Shafa'atu, mai koyon aikin jinya.
Na ce, sunanki ma ya dace da rumfar.
Ba ta yi dariya ba. Ta kama hannuna ta juya shi:
"Ka fara ɗiga kaɗan a cikin wuyan hannu,
ka bar shi ya kwana.
In ya yi ja, in ya yi ƙaiƙayi, ba naka ba ne, ka haƙura.
Ba kasafai ba, amma jiki da jiki akwai bambanci.
Wannan tsagar da ke fid da ruwa kuma, kada ka cusa mata,
ita sai asibiti.
Mai abokin fata ne, ba likitan gyambo ba."

Gwaggo ta karɓe zance:
"Ka shafa in ka fito wanka, jiki da sauran danshi.
Shi ba ya kawo ruwa, tsare wanda ya tarar yake yi,
kamar marfi a bakin randa.
In ya fara wari, zubar.
In wani ya ce nasa zai mai da kai fari,
riƙe kuɗinka, an yi masa gauraye.
Na gaskiya yadda Allah Ya yi ka zai bar ka,
laushi kawai zai ƙara."

Daren farko wuyan hannu ya kwana lafiya.
Na biyu na ɗebo kamar ƙwayar gujiya,
na murza, ya narke tun ban roƙe shi ba,
ɗakin ya ɗauki ƙanshin hayaƙi da daji.
Tabawa ta leƙo: "Ango, yaushe ne bikin?"
Na yi kamar ban ji ba.

Mako guda, ba abin a-zo-a-gani.
Na kusa cewa kuɗina sun bi ruwa.
Cikin na uku fason ya fara haɗe baki,
ba duka ba, fadama ba ta daina cin rabonta ba,
kanta kuwa tana nan, ita da fartanya sun yi amana.

Jiya bayan isha'i ina zaune a tabarma,
Hakama ta zo da gyangyaɗi a idonta.
Ta ɗauki hannun nan, ta jujjuya, ta sansana,
ta ɗora kuncinta a kai.

Har hannun ya mutu ban motsa ba.